Abin da Yayana Ya Faɗa, da Abin da Na Faɗa wa Likita

Zuwa ga Mai Girma Babban Likita,
mai duba lafiyar sojojin da aka sallama a wannan yanki namu na Arewa,
Tamale.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah ya ƙara maka haƙuri da jama'a, don na ga layin da ke jiranka kowace safiya, na san aikin ba ƙarami ba ne.

Sunana Salifu. Gyaran keke nake yi a Kaladan. Karatuna ba shi da yawa: allo, sai ajin yaƙi da jahilci, inda aka koya mana rubutun boko da ɗan Turancin da bai wuce na ciniki ba. Shi ya sa na rubuta da Hausa. Wanda zai juya maka wannan takarda zuwa Turanci, ina roƙonsa don Allah ya faɗi abin da ya gani a rubuce, kada ya gyara mini, kada ya rage. In ka yi nisa da karatu za ka gane dalilin wannan roƙo.

Ƙara na kawo, ranka ya daɗe, amma mutum biyu nake ƙara. Na farko ni ne. Na biyu ofishinka. Na rubuta ta a fili, zan kuma manna kwafinta a tashar mota da bakin masallacinmu, saboda laifin da na yi a gaban mutane na yi shi, kuma saboda yayana ba shi kaɗai ya sauko daga lorin da ta dawo da sojojinmu gida ba.

Na ɗaya. Wanda ya tafi da wanda ya dawo.

Yayana Iddirisu, uwa ɗaya uba ɗaya, yana cikin sojojin da ƙasarmu ta aika Kongo. Kafin ya tafi, shi ne mai surutun gidanmu. In yana wanka a bayan gida har maƙwabta suna jin waƙarsa. Ya bar matarsa Azara da ciki, ya dawo ya tarar da 'ya mace, Sanatu, tana rarrafe. Ya dawo ana saura mako uku Sallar Layya, da ƙafa biyu da hannu biyu, babu ko ƙwarzane. Mma, mahaifiyarmu, ta yi ta shafa shi tana godiya ga Allah an dawo mata da ɗanta cikakke.

Ni mai gyara ne, aikina duba abin da ya goce. Ga abin da na gani tun makon farko.

Ba ya zama sai bayansa na jingine da bango, fuskarsa na kallon ƙofa. A masallaci ya bar sahun gaba da ya saba, ya koma ƙarshen sahun baya, inda takalma suke. In ana cin tuwo sai ya tsaya da loma a hannu, idonsa a buɗe amma ba ya ganin kowa, har miya ta bushe a yatsunsa. Kafin magariba yakan zaga gida yana ƙirga mu da leɓe, ɗaya bayan ɗaya, in mutum ɗaya bai dawo ba ba zai zauna ba. Cokali ya taɓa faɗuwa daga hannun Azara, ya daka mata tsawar da ban taɓa ji daga bakinsa ba, bayan nan ya yini bai iya kallonta ba. Ranar Layya da aka fara babbakar kawuna a unguwa, ya fita bayan gida ya yi ta amai, tun ranar bai sake cin nama ba. Wata rana ya zo wurin aikina, tayar wani keke ta fashe a hannuna, na waiga ban gan shi ba. Yana ƙarƙashin bencin da nake ajiye sifana, hannuwansa a kan ƙeyarsa. Masu jiran gyara suka yi dariya. Ni ma na yi, don a ce wasa yake yi. Barci kuwa, Azara ta gaya wa Mma ba ya yi sai na zaune, bayan asuba.

Kuma bai taɓa ɗaukar Sanatu ba. In ta rarrafo ta kama ƙafarsa sai ya ɗaga hannuwansa sama, ya kira uwarta.

Duk wannan na gani, na haɗa shi a kaina, na yi shiru.

Na biyu. Ranar da aka duba su.

Wata ɗaya da dawowarsu aka ce duk wanda wa'adinsa ya cika ya zo a duba shi a rufe takardarsa. Ranar Talata ce. Kai da kanka ka zauna, ba a ɗaki ba, a baranda, an fito maka da tebur saboda zafi. Layi ya kama tun daga teburin har gindin mangwaro, kuma wanda ke bayan mutum yana jin numfashinsa. Ka sa abin sauraro a ƙirjinsa, ka duba idonsa, ka buga gwiwarsa. Sannan ka tambaye shi ko akwai abin da ke damunsa.

Turancin Iddirisu na fareti ne, yana ji amma ba ya iya zuba doguwar magana da shi. Kai kuma daga Kudu ka zo, ba ka jin Hausa ko Dagbanci. Akawunka ya ɗaga kai ya ce wa ya rako shi. Na matso.

Yaya ya sunkuyar da kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ban manta ko kalma ɗaya ba. Ya ce: "Salifu, gaya masa ba na barci. Gaya masa in na rufe ido ina ganin mutanen da muka kwashe a bakin kogi, har da yara. Gaya masa ina jin warinsu a hannuna ko na wanke da sabulu sau goma. Gaya masa shi ya sa ba na taɓa 'yata. Ka tambaye shi ko akwai maganin wannan."

Ranka ya daɗe, tun da ya dawo bai taɓa faɗa wa kowa haka ba. Ko Mma. Ya tara maganar wata guda ya kawo maka.

Ni kuwa na dube ka na ce kansa ne ke ɗan ciwo.

Ka rubuta. Aka ba shi ƙwaya goma sha biyu a ƙunshin takarda, aka buga hatimi cewa lafiyarsa ƙalau. Aka kira na gaba.

Na uku. Dalilin da na yi haka.

Ba don in wanke kaina zan faɗa ba, sai don ka san irin mutanen da kake dubawa. A wurinmu ƙane ba ya tsayawa gaban jama'a ya ce wansa yana jin tsoro. Ko an tarar da mutum kwance ba ya iya tashi, aka ce yaya jiki, da sauƙi zai ce. Mutum na uku a bayanmu ɗan kawun Azara ne, wanda kafin la'asar duk Dungu, garin su Azara, za ta ji abin da aka faɗa. Sannan an yi wa Yaya alkawarin aikin gadi a wani kanti, da sharaɗin takardarsa ta fito da tsabta. Kuma tun muna yara muke jin labarin gidan da ke can Kudu, inda ake kulle wanda likita ya rubuta wa taɓin hankali, ba ya sake ganin gida. Duk wannan ya taru a kaina a cikin numfashi ɗaya. Na zaci rufa masa asiri nake yi.

Ya ji abin da na faɗa. Wannan Turancin dai ya iya shi. Ya ɗago ya dube ni. Na goyo shi a keke, da muka kai mararraba ya taɓa bayana ya ce in tsaya, ya sauka ya ƙarasa gida da ƙafa.

Wannan nawa ne, na ɗauka. Amma ga naka, ranka ya daɗe, cikin ladabi. Mutum ya yi magana har sau huɗu yana cewa gaya masa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Tafinta ya kawo maka magana wadda ba ta kai tsawon atishawa ba. Ko ba ka jin harshen, kana da ido, kana da agogo a hannu. Ni in mutum ya kawo keke ya daɗe yana nuna mini ƙafar baya, yaronsa ya ce iska kawai za a sa, ba na yarda, sai na juya ƙafar da hannuna. Ba ka sake tambaya ba. Kuma ban san wanda ya tsara a tambayi soja abin da ke zuciyarsa a baranda, surukinsa na tsaye a bayansa, ƙanensa na fassara ba.

Na huɗu. Komawata sau uku.

Aikin gadin kwana tara ya yi. Wata babbar mota ta yi ƙara a bakin kantin, aka same shi ya kulle kansa a ɗakin ajiya. Suka sallame shi.

Na koma ofishinka da damina, ni kaɗai. Akawu ya buɗe babban littafi, ya bi da yatsa, ya ce an duba wannan, lafiyarsa ƙalau, takarda ta rufe. Na koma bayan girbin gyaɗa, na ce masa akwai abin da ba a faɗa ba ranar. Ya ce wa ya hana a faɗa. Na juya na tafi. Karo na uku na daure na gaya masa gaskiya, cewa ni ne tafintan kuma ƙarya na yi. Ya ajiye alƙalami ya dube ni, ya ce: "To, ɗan'uwa, wanda ya yi ƙarya jiya, da wane baki zan shigar da shi wurin Dokta yau?" Ban ga laifinsa sosai ba. Amma ya ƙara da cewa in dai mutum bai tuɓe riga ya bi titi ba, ba aikin ofishin nan ba ne, in kuma ya tuɓe, 'yan sanda za su kawo shi. Ashe tsakanin lafiya ƙalau da bin titi tsirara babu wani benci da aka tanada mutum ya zauna.

Na biyar. Abin da ya faru a Sagnarigu.

Mma Badagomba ce. Da rani ya shigo aka sa ranar babban makokin mahaifinta a Sagnarigu. Ka zauna a garin nan, ka san yadda Dagomba ke sallamar babban mutum: kiɗa, da 'yan bindigar gargajiya masu cusa albarushi su harba sama. Na san za a harba. Azara ta same ni a asirce ta ce kada a je da shi. Amma Kawu Mahama, wan Mma, wanda shi ne babba a dangi yanzu, ya ce jikan da ya je yaƙi ya dawo ba zai ɓuya a ɗaki ranar kakansa ba, ai likitan gwamnati ma ya ce lafiyarsa ƙalau. Ya ce in an bar shi ya ji ƙarar sau biyu sau uku zai saba. Da takardarka ya kafa hujja, ni kuma na san yadda aka samo takardar, na sake yin shiru. Ni na goya shi zuwa can.

Yana zaune jikin katanga, Sanatu tana wasa da ƙasa kusa da shi, lokacin ta fara tafiya. Aka saki bindiga ta farko. Ina kallonsa. Ya yi tsalle ya fizgo yarinyar, ya kifa a kanta, ya rufe ta da jikinsa duka, yana ihu da Hausar bariki a kwanta a kwanta. Bindigogi suka ci gaba. Maza huɗu suka kasa ɗaga shi. Da aka ciro ta, hannunta na hagu ya karye a ƙarƙashin nauyinsa.

Jama'a suka ce ya so ya kashe 'yarsa. Ni na ga inda ya sa hannunsa: tafinsa yana ƙarƙashin kanta, don kada ta bugu da ƙasa. Ranar ce ya fara taɓa ta tun da aka haife ta.

An ɗora hannun, yana warkewa, alhamdu lillahi. Amma dangin Azara sun zo sun tafi da ita da yarinyar Dungu. Tana kuka ta tafi, ba da son ranta ba.

Na shida. Wanda ya ba abin suna.

Akwai wani dattijo, Saje Bawa, tsohon sojan da ya yi yaƙin Bama, yana kawo mini kekensa. Ya ji labarin Sagnarigu, ya zo gida ya zauna kusa da Yaya har la'asar. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce: "Yaro, wanka ba iska ba ce ta taɓa shi, kuma bai haukace ba. Gwamnati ta sallame shi, yaƙin ne bai sallame shi ba."

Ya ce shi ma haka ya yi. Ya ce a asibitin soja, kafin a sa su a jirgin dawowa, akwai wani likita da ba ya riƙe allura. Ɗaki gare shi da kujera biyu. Kullum sai ya zaunar da mutum ya ce ba ni labarin ranar, in ka gaji ka tsaya. Ya ce makon farko ko bakin labarin bai kai ba. A hankali likitan ya koya masa gane lokacin da abin ke tasowa, da yadda zai riƙe numfashinsa, da yadda zai tuna wa jikinsa cewa yau ba ranar ba ce. Ya ce har yanzu ba ya son ƙarar ruwan sama a kan kwano, amma yana barci, ya yi aure, ya aurar. Ya lissafa mini abokansa da ba su samu shiga wannan ɗaki ba, da yadda kowanne ya ƙare. Ba zan rubuta ba, 'ya'yansu suna garin nan.

Yanzu duk Juma'a yana zuwa ya zauna da Yaya. Amma ya gaya mini iyakarsa. Ya ce: "Ni kunne kawai gare ni. Akwai inda in labarinsa ya kai, nawa jikin ma rawa yake yi. Ku nemi wanda ya karanci abin."

Rubutu an sha, addu'a ana yi, ba kuma za mu daina ba. Limaminmu da kansa ya ce neman magani wurin masaninsa ba ya karya tawakkali. In a zamanin Bature an samu irin wannan likita don sojan da ya yi yaƙin Bature, ban yarda ba za a samu yanzu da muke da tutarmu ba, don sojan da tutar ta aika.

Na bakwai. Abin da ya sa ba zan iya ƙara jira ba.

Kawu Mahama ya yanke shawara. Akwai wani mai magani a wani ƙauye, yinin tafiya daga nan, wanda ke ɗaure masu taɓin hankali da mari a jikin kututture har sai sun yi laushi. Kawu ba mugu ba ne, tsoro yake ji kada a yi kisa a gidan ƙanwarsa. Ya ce in kasuwar Tamale ta ci sau uku ba a ga wata hanya ba, za a kai shi. Ta ci ɗaya shekaranjiya. Ka san kwana shida-shida take ci.

Da yake Yaya ba ya barin kowa a dangi ya matso kusa da shi sai ni, Kawu ya ba ni zare ya ce in auno ƙaurin ƙafarsa a kai wa maƙeri. Ranka ya daɗe, na auna. Yana alwala, na yi kamar ina gyara masa takalmi, na zagaya zaren na ƙulla. Ban kai wa maƙeri ba tukuna. Na ce wa Kawu zaren ya ɓace, ya ce in sake aunowa.

Mutumin da ba ya iya zama sai yana ganin ƙofa, in aka ɗaure ƙafarsa a kututture, ban san abin da za a kwance ba daga baya. Kawu ya ce abu ɗaya zai tsayar da shi: takarda daga hannun da ya rubuta ta farko.

Don haka ga roƙona.

Ka sa a sake buɗe takardar Iddirisu kafin kasuwa ta uku, a soke abin da aka rubuta da bakina.

Ka gan shi a ɗaki mai ƙofa, ka bar shi ya zauna inda yake so. A samo tafinta wanda ba danginmu ba ne, ba ɗan unguwarmu ba, wanda zai rantse ya faɗi abin da ya ji.

In akwai likitan da ya karanci irin wannan ciwo, mai zama ya saurara, ka haɗa su. In yana Kudu, ka rubuta masa ya zo ko a kai Yaya ya gan shi ya dawo gida, ba a kulle shi ba. Zan raka shi ko ina ne. In babu shi a ƙasar nan gaba ɗaya, ka gaya mana gaskiya, kuma ka gaya wa na sama da kai cewa ana bukatarsa.

Ka ba ni layi biyu da hatiminka in kai wa Kawu, cewa wannan ciwo ne sananne, mari ba ya maganinsa. Layi biyun nan za su isa Dungu ma.

Sannan ka sake kiran duk waɗanda aka duba a barandar nan ranar Talatar. Ban san abin da kowa ya faɗa ba, amma na ga ƙanne da yawa a layin, kuma na ga yadda fassararsu ta yi gajarta kamar tawa. Ku kuma 'yan'uwana da za ku karanta wannan a tasha, in kuna da wanda ya dawo yana ƙirga mutanen gida, ko ya daina cin abin da yake so, ko ƙara kaɗan ta jefa shi ƙasa, kada ku jira ranar bindiga kamar yadda na jira.

Kafin in kawo takardar nan na karanta wa Yaya ita daga farko har ƙarshe, don sirrinsa ne, ba ni da ikon manna shi a bango sai da izininsa. Har wurin zaren na karanta. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Na ce ko in cire wani abu. Ya ce kada in cire ko ɗigo. Na nemi gafararsa, ya ce wannan maganar a bar ta sai ya samu barci.

Sannan ya ce: "In likita ya kira, zan je, zan faɗa masa duka. Kai za ka kai ni a keke. Amma ka tsaya a waje."

Na amsa masa da to. Daga gobe za ka gan ni kowace safiya a gindin mangwaron nan, ba zan shiga layi ba, ba zan dami akawunka ba. Amsa kawai nake jira.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa hannunka ya zama sanadin warakar bayinsa, ya tsare 'ya'yanka daga ganin abin da yayana ya gani. Ni kuma Allah ya yafe mini.

Wassalam.

Naka cikin ladabi,
Salifu mai gyaran keke,
ƙanen Iddirisu,
Kaladan, Tamale.